Karatun Dokar Laifuka da Dokar Diyya a Ƙasar Ayilan: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin ɗaliban shari'a da lauyoyin da ke shirin zuwa Ayilan karatu, ko waɗanda suka riga suka isa suna fama da darussa uku da ake yawan haɗawa: dokar laifuka, dokar cutarwa da diyya wadda lauyoyi ke kira tort, da nazarin aikin 'yan sanda da kotuna da gidajen yari. Maganar a nan ta shafi Jamhuriyar Ayilan ce mai babban birni a Dublin. Ayilan ta Arewa tana ƙarƙashin Birtaniya, dokokinta da kotunanta daban suke.

Na yi karatun shari'a a Najeriya. Ashe ba dokar Ingila ba ce a can ma?

Tushen ɗaya ne. Ayilan da Najeriya duk sun gaji tsarin Ingila, inda hukuncin da alƙalan baya suka yanke yake zama hujja ga na yanzu. Shari'ar Donoghue da Stevenson ta 1932, wadda wata mata ta ce ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a kwalbar lemo a garin Paisley na Sikotlan, ana karanta ta a Zariya da Kano, ana kuma karanta ta a Dublin da Cork. To amma kama da wane ba wane ba ne, kuma a nan ne mafi yawan ɗalibanmu suke tuntuɓe.

Ayilan ta fita daga hannun Birtaniya a 1922, ta kuma yi kundin tsarin mulkinta na yanzu a 1937. Tsofaffin dokokin da ta gada suna aiki ne muddin ba a soke su ba kuma ba su ci karo da kundin ba. Hukuncin da kotunan Ingila suka yanke bayan rabuwa kuwa, alƙalin Ayilan zai iya dubawa ya ɗauka in ya gamsu, zai iya ajiyewa in bai gamsu ba. Sun kuma ajiye da yawa. Ɗalibin da ya shiga jarrabawa ya zuba hukuncin Ingila a inda Kotun Ƙolin Ayilan ta riga ta bi wata hanya, ya yi asarar makinsa, ko da ya rubuta shafi goma.

A ina zan samu kundin dokar laifuka na ƙasar, kamar Penal Code ɗinmu?

Babu shi. Wanda ya saba da Penal Code na Arewa da ya fara aiki a 1960, ko Criminal Code na Kudu, ko kundin laifuka na Nijar mai bin salon Faransa, zai ji abin banbaraƙwai. A Ayilan dokar laifuka a warwatse take. Duka da raunata mutum suna cikin dokar 1997, sata da zamba suna cikin dokar 2001, taɓin hankali yana cikin dokar 2006. Niyyar da ake buƙata kafin a ce mutum ya yi kisan kai da gangan tana cikin sashe na 4 na dokar 1964, wato niyyar kashewa ko ta yi mummunan rauni. Kisan da ba na ganganci ba kuma, ma'anarsa gaba ɗaya daga hukunce-hukuncen alƙalai ake tsamo ta. An taɓa kafa kwamitin da zai tattara komai wuri guda, ya fitar da daftari, amma har yau bai zama doka ba.

Abin da zai sauƙaƙa maka shi ne dokokin duk suna intanet kyauta a shafin Irish Statute Book, hukunce-hukuncen kotu kuma suna shafin hukumar kotuna da na BAILII, mai tattara hukunce-hukuncen Birtaniya da Ayilan. Ka riƙa neman sigar dokar da Hukumar Gyaran Dokoki ta sabunta, domin tsohuwar sigar ba ta nuna gyare-gyaren da aka yi daga baya.

Waɗanne wurare ne Ayilan ta rabu da Ingila a dokar laifuka?

Uku sun fi fitowa a jarrabawa, kuma dukkansu suna nuna hali guda: alƙalan Ayilan sun fi damuwa da abin da ke cikin zuciyar wanda ake tuhuma a lokacin da abin ya faru.

Na farko kare kai. A shari'ar Dwyer ta 1972, Kotun Ƙoli ta ce idan mutum ya kashe wani yana kare kansa, ya yi amfani da ƙarfin da ya wuce kima, amma shi a ransa ya yi imani da gaske cewa ƙarfin nan ya zama dole, to laifinsa ya sauko daga kisan ganganci zuwa kisan da ba na ganganci ba. Kotunan Ingila sun ƙi yarda da wannan tsaka-tsaki. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin kisan ganganci a Ayilan hukuncinsa ɗaya ne tak, ɗaurin rai da rai, alƙali ba shi da ikon ragewa. A ɗaya laifin kuwa alƙali ne ke auna shekarun.

Na biyu tunzurawa. A shari'ar MacEoin ta 1978 an daina tambayar ko mutum mai hankali da natsuwa zai fusata haka, aka koma tambayar ko wannan mutumin, da halinsa da yanayinsa, ya fita hayyacinsa. An daɗe ana sukar wannan, kuma ni ma ina ganin sukar tana da tushe: mai saurin fushi sai ya fi mai haƙuri samun sassauci. A shari'ar McNamara ta 2020 Kotun Ƙoli ta ƙuntata ƙofar, ta dawo da ma'aunin abin da al'umma za ta iya ɗauka. Duk wanda ya tsaya a MacEoin bai kai ga McNamara ba, amsarsa ta tsufa.

Na uku gangancin rashin damuwa da abin da zai biyo baya. A 1975 wasu ma'aurata, Noel da Marie Murray, sun yi fashi a banki a Dublin, wani ɗan sanda mai suna Michael Reynolds da ba ya bakin aiki kuma ba ya sanye da kaki ya bi su, aka harbe shi. A lokacin kisan ɗan sanda hukuncinsa kisa ne. Kotun Ƙoli ta ce ba za a kama su da wannan babban laifin ba sai an nuna sun san ɗan sanda ne, ko kuwa sun hango yiwuwar hakan suka yi biris. Ingila ta shafe shekaru fiye da 20 tana bin wani ma'auni dabam kafin ta dawo kusa da wannan a 2003.

Shin ana yanke hukuncin kisa?

A'a. Mutum na ƙarshe da aka rataye shi ne Michael Manning a 1954. An soke hukuncin gaba ɗaya a 1990, sannan a 2001 jama'a suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama aka rubuta haramcin a cikin kundin tsarin mulki. Mai ɗaurin rai da rai sai ya yi shekara 12 kafin a fara duba batun sakinsa bisa sharaɗi.

Me ya sa malamai ke ta maimaita kundin tsarin mulki a ajin dokar laifuka?

Saboda a Ayilan kotu tana iya rushe dokar da majalisa ta yi, abin da kotun Ingila ba ta iya yi. A watan Mayun 2006, a shari'ar da ake kira CC, Kotun Ƙoli ta rushe wani sashe na dokar 1935 da ya haramta saduwa da yarinya mai ƙarancin shekaru, saboda sashen bai bar wa wanda ake tuhuma damar cewa ya yi kuskuren shekarunta da gaskiya ba. Ƙasar ta ɗauki zafi, majalisa ta yi sabuwar doka cikin ƙasa da mako biyu.

Batun beli ma haka. A shari'ar O'Callaghan ta 1966 kotu ta ce ba a hana mutum beli don ana tsoron zai sake aikata laifi, domin hakan hukunta shi ne kan abin da bai yi ba. Dalilan da aka yarda da su su ne tsoron zai gudu ko zai taɓa shaidu. Da gwamnati ta so canza wannan, sai da ta koma ga jama'a da ƙuri'ar raba gardama a 1996, sannan aka yi dokar beli ta 1997.

Sai hujjar da 'yan sanda suka samo ta hanyar take haƙƙin mutum, kamar shiga gida da takardar bincike mara inganci. Daga shari'ar Kenny ta 1990, irin wannan hujja kusan kullum watsi ake yi da ita. A 2015, a shari'ar JC, alƙalai huɗu suka rinjayi uku, aka ce za a iya karɓar hujjar idan kuskuren ba da sani aka yi ba. Ka karanta hukuncin marasa rinjaye, musamman na Mai shari'a Hardiman. Yana da tsawo da zafi, amma a nan za ka ga abin da ake gardama a kai: wa ya kamata ya ɗauki asarar sakacin hukuma, ɗan ƙasa ko hukumar?

Yaya kotunan suke jere?

A ƙasa akwai Kotun Gunduma, alƙali ɗaya, ƙananan laifuka, ɗaurin da bai wuce wata 12 ba kan laifi guda. Sama da ita Kotun Da'ira, inda ake yin mafi yawan manyan laifuka a gaban juri, wato 'yan ƙasa 12 da ake zaɓowa su saurari shaidu su faɗi ko mutum ya aikata. Idan suka kasa haɗuwa kan magana ɗaya bayan aƙalla awa biyu, alƙali zai iya karɓar ra'ayin mutum 10. Kisan kai da fyaɗe suna zuwa Babbar Kotu. Daga nan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara da aka kafa a 2014, sai Kotun Ƙoli. Ofishin Daraktan Gabatar da Ƙararraki, wanda dokar 1974 ta kafa, shi ke yanke shawarar gurfanar da mutum kan babban laifi.

Akwai kuma Kotun Laifuka ta Musamman, alƙalai uku ba juri. Dokar 1939 ce ta ba da damar kafa ta, wadda ke aiki yanzu kuma an kafa ta a 1972 lokacin rikicin Ayilan ta Arewa. Rikicin ya lafa, kotun ta zauna, yanzu manyan 'yan daba da masu safarar ƙwayoyi ake kaiwa. Masu kare ta suna cewa juri ba za su tsira daga barazana ba, suna kuma nuna cewa takan sallami mutane, kamar yadda ta wanke wani mai suna Gerry Hutch a 2023 daga tuhumar kisan da aka yi a otal ɗin Regency na Dublin. Masu suka suna cewa matakin gaggawa da ya haura shekara 50 ya daina zama na gaggawa. Wannan tambaya ce da ke fitowa a jarrabawa a kai a kai, ka shirya mata da hujjojin ɓangarorin biyu.

Mene ne bambancin laifi da tort, tunda duka ɗaya kan iya zama duka biyun?

Wannan ya cancanci a tsaya a kansa, musamman ga wanda ya tashi da sanin ƙisasi da diyya a fiƙihu, inda dangin mamaci ke da ta cewa: su nemi ƙisasi, su karɓi diyya, ko su yafe. A Ayilan an raba hanyar biyu. Tuhumar laifi ta hukuma ce, wanda aka cuta shaida ne kawai, yafewarsa ba ta tilasta a janye ƙara. Neman diyya kuma nasa ne, shi zai shigar da ƙara da kansa a kotun farar hula.

Nauyin hujja ma ya bambanta. A shari'ar laifi sai an tabbatar ba tare da wata tantama mai ma'ana ba. A ta diyya rinjayen hujja ya isa. Shi ya sa a Nuwamban 2024 juri a Babbar Kotun Dublin suka samu ɗan damben nan Conor McGregor da alhakin cin zarafin wata mata, aka ba ta diyyar kusan yuro 250,000, alhali masu gabatar da ƙara sun riga sun yanke shawarar ba za su gurfanar da shi ba. Kotun ba ta ɗaure kowa ba, domin ba aikinta ba ne. Kuɗi ta yanke.

Waɗanne shari'o'in tort ne ba makawa sai na san su?

Fara da Glencar ta 2001. Wani kamfanin haƙar ma'adinai ya nemi diyya daga ƙaramar hukumar Mayo saboda ta hana haƙa ba bisa ƙa'ida ba. Kotun Ƙoli ta hana diyyar, ta kuma ce kafin a ɗora wa wani nauyin kula da wani a sabon yanayi, ba hango cutar da kusanci kaɗai ake dubawa ba, sai an tambaya ko adalci ne kuma ya dace a ɗora nauyin.

Sai Dunne ta 1989, ginshiƙin sakacin likitoci. Mace ce mai cikin tagwaye, asibitin kuma al'adarsa bugun zuciyar jariri ɗaya kawai yake saurara. Ɗaya ya rasu, ɗayan ya zo da mummunar lalurar ƙwaƙwalwa. Ma'aunin da Alƙalin Alƙalai Finlay ya kafa shi ne: likita ya yi sakaci idan ya yi kuskuren da babu wani likita mai irin ƙwarewarsa da zai yi shi in yana aiki da kulawar da aka saba. Bin al'adar asibiti kuma ba ya kare shi idan al'adar tana da aibin da ya kamata kowa ya gani. A 2020, a shari'ar Ruth Morrissey, ɗaya daga cikin matan da aka yi kuskuren karanta gwajinsu na sankarar bakin mahaifa, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa ma'aunin Dunne ne ke aiki, kuma hukumar lafiya ba za ta fake da cewa ta ba wasu kamfanoni kwangilar gwajin ba. Ruth Morrissey ta rasu watanni kaɗan bayan hukuncin. Idan kana karanta waɗannan shari'o'in, ka tuna mutane ne a bayan sunayen.

Biyu kuma sun nuna abin da kundin tsarin mulki ya ƙara. A Byrne ta 1972, wata mata ta faɗi a garin Bray inda ma'aikatan gwamnati suka haƙa rami ba su cike da kyau ba, kotu ta ce tsohuwar kariyar da ta hana a kai Sarkin Ingila ƙara ba ta bi jamhuriya ba, ana iya kai ƙasa ƙara. A Meskell ta 1973, wani kwandastan bas da aka kora saboda ya ƙi amincewa da sharaɗin dole sai ya zauna cikin ƙungiyar ƙwadago ya samu diyya kai tsaye kan take masa haƙƙin da kundin ya ba shi.

Kada ka raina dokar 1961 kan alhakin farar hula. Ita ce ta ce a rage diyya gwargwadon sakacin mai ƙara, misali wanda bai ɗaura bel a mota ba. Ita ce kuma ta ce idan mutane da yawa suka haɗu suka cuci mutum, zai iya karɓar kuɗinsa duka daga hannun ɗaya, ko da laifin wannan ɗin kaɗan ne, shi kuma ya je ya bi sauran.

Idan mota ta buge mutum, kotu zai nufa kai tsaye?

A'a. Tun 2004 sai ya fara kai buƙatarsa gaban hukumar tantance diyyar rauni, wadda ke duba takardun likita ta faɗi adadi. Idan ɓangare ɗaya ya ƙi, sai ta ba da izinin zuwa kotu. Ƙarar sakacin likita ba ta bi ta nan. Wa'adin shigar da ƙarar rauni shekara biyu ne daga ranar da abin ya faru ko ranar da mutum ya gane an cuce shi, na ɓata suna kuma shekara ɗaya bisa dokar 2009. A 2021 alƙalai suka amince da jadawalin diyya da ya rage kuɗin ƙananan raunuka sosai, bayan koke-koken tsadar inshora, ya kuma sa yuro 550,000 a matsayin ƙololuwar diyyar raɗaɗi da wahala ga mafi munin rauni.

Darasin nazarin tsarin hukunta laifuka fa, ba dokar laifuka ba ce da wani suna?

Wani abu ne dabam. Shi yana tambayar yadda abubuwa ke gudana a zahiri: wa ake kamawa, wa ake ɗaurewa, me ɗaurin ke haifarwa. Za ka karanta tarihin rundunar 'yan sandan ƙasar, Garda, da aka kafa a 1922, wadda yawancin jami'anta ba sa ɗaukar bindiga, da binciken Mai shari'a Morris kan aika-aikar wasu 'yan sanda a yankin Donegal wanda ya kai ga dokar 'yan sanda ta 2005. Za ka karanta yadda kisan 'yar jarida Veronica Guerin a 1996 ya sa aka kafa hukumar ƙwace dukiyar da aka tara ta haram, mai iya ƙwacewa ko ba a samu mutum da laifi a kotu ba. Za ka ga cunkoson gidajen yari irin Mountjoy, bayan yawan fursunonin ƙasar ya haura 5,000 a 2024. Za ka kuma ga cewa shekarun ɗaukar alhakin laifi 12 ne, sai a manyan laifuka irin kisa da fyaɗe da ake iya tuhumar ɗan shekara 10. Jami'ar Maynooth da University College Dublin (UCD) suna da ƙarfi a wannan fanni.

Shawarata, ka je ka zauna a kotu, tunda kundin tsarin mulki ya ce a bainar jama'a ake shari'a. Ka shiga ginin kotunan laifuka da ke titin Parkgate a Dublin da safe, ka nemi Kotun Gunduma. Za ka ga ana kiran suna bayan suna, ɗan sanda ya miƙe ya faɗi lokacin da ya yi kamu da abin da mutumin ya ce da aka karanta masa tuhuma, lauya ya nemi a ba shi aikin a kuɗin gwamnati, a ɗage zuwa wani mako, duk cikin minti biyu ko uku. Wani lokaci alƙali ya ce wa mai laifin farko ya sa wani abu a asusun taimakon mabuƙata na kotu, a sallame shi ba tare da an rubuta masa laifi ba. Ka lura da su waye ke tsaye a gaban alƙalin, da yawan waɗanda shaye-shaye da rashin matsuguni suka kawo.

Ta wace hanya zan zama lauya a can?

Aikin kashi biyu ne: solisita, mai hulɗa da masu neman lauya kai tsaye yana shirya takardunsu, da barista, wanda ya ƙware a tsayawa gaban kotu. Mai son zama solisita zai rubuta jarrabawar shiga mai suna FE-1 ta Law Society, wato ƙungiyar solisitoci, darussa takwas, ciki har da laifuka da tort da tsarin mulki da dokar Tarayyar Turai, sannan ya samu ofishin da zai horar da shi. Mai son zama barista zai bi ta King's Inns, makarantar da ta samo asali tun 1541, ya ci jarrabawar shiga mai darussa biyar, ya yi kwas, sannan ya yi shekara guda yana bin wani babban barista, galibi ba albashi. Wannan shekarar tana da wuya ga wanda ba shi da mai tallafa masa, ka yi lissafinta tun kafin ka fara. Kasancewarka lauya a Najeriya ba ya ba ka izinin aiki kai tsaye, don haka ka rubuta wa hukumomin biyu ka ji matsayin takardunka kafin ka biya kuɗin komai. Ɗalibin da ya zo daga wajen Turai ana ba shi izinin aikin awa 20 a mako lokacin karatu, 40 lokacin hutu.

Sai na iya harshen Ayilan?

Da Turanci ake koyarwa, da shi ake yawancin shari'a. Masu karɓar horon lauya suna halartar ɗan gajeren kwas na kalmomin shari'a a harshen ƙasar. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne idan nassin kundin tsarin mulki na Turanci ya saɓa da na harshen Ayilan, na harshen Ayilan ake bi.

Yaya ake amsa tambayar jarrabawa?

Yawanci labari za a ba ka. Misali: manomi ya tarar da wani a harabar gidansa da dare, suka yi kokawa, mutumin ya juya zai gudu, manomin ya harbe shi. Kada ka fara da tarihin dokar kisan kai. Ka ware matsalolin ɗaya bayan ɗaya. Akwai niyyar kisa ko mummunan rauni bisa sashe na 4? Dokar 2011 kan kare gida, wadda ta biyo bayan shari'ar manomin Mayo Pádraig Nally, ta ce ba dole ne mutum ya ja da baya a gidansa ba, to amma kariyarta ta haɗa da harbin wanda ya riga ya juya baya? Idan ƙarfin ya wuce kima, Dwyer za ta sauko da laifin? Akwai tunzurawa bisa McNamara? A kowace gaɓa ka faɗi dokar, ka kawo shari'ar, ka ɗora ta kan abin da labarin ya ce, ka faɗi inda kake ganin kotu za ta karkata. Mafi yawan makin yana wurin ɗorawar nan, kuma nan ne ɗalibai suka fi yin rowar tawada. Idan tambayar ta ce ka ba iyalan mamacin shawara, ka tuna dokar 1961 ta ba waɗanda yake ciyarwa damar neman diyya a kotun farar hula, ko da juri sun wanke manomin.